Ciwon Da Ba Ya Fitar Da Jini: Ina Matsayin Ikkilisiya?

A cikin watan Janairu na shekarar 2023, lokacin da hankalin jama'ar ƙasar nan ya koma ga dogayen layukan bankuna saboda canjin takardun Naira, da kuma babban zaɓen da ke tafe, shugaban ƙasa na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan wata doka wadda ba ta sami ko kashi ɗaya cikin goma na surutun da aka yi a kan waɗancan al'amura ba. Wannan ita ce Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Muna kyautata zaton cewa in da za a tsaya a ƙofar majami'a ranar Lahadi a tambayi masu fitowa daga sujada, kaɗan ne za su ce sun taɓa jin labarinta. Amma kuwa da wuya a sami benci ɗaya a majami'unmu wanda babu wani a kansa da dokar ta shafa, ko shi kansa, ko wani na gidansu.

Saboda haka muka ga ya kamata mu tsaya mu dubi wannan al'amari da idon basira: abin da dokar ta canja, irin cututtukan da ake magana a kansu, maganin da ake yi musu ta hanyar zance, da kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu mu masu bi.

Daga dokar 1958 zuwa ta 2023

Kafin wannan sabuwar doka, ƙasarmu tana aiki ne da dokar mahaukata ta 1958, wadda ita ma ta samo asali daga wata dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916. A idon waccan doka, mai taɓin hankali haɗari ne da za a kawar daga cikin jama'a. Da takardar likita da umurnin majistare ana iya tsare mutum, wani lokaci ma a gidan kurkuku, alhali bai yi wa kowa laifi ba. Ba ta yi maganar haƙƙinsa ba, balle ta tambaye shi abin da yake so.

A 1991 gwamnati ta fito da manufar sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci na matakin farko, amma akasarin abin ya tsaya a takarda. A 2003 aka fara kai ƙudurin sabuwar doka gaban Majalisar Tarayya, ya yi ta shiga yana fita har shekara 20 kafin ya zama doka. Sabuwar dokar ta hana nuna wa mai irin wannan ciwo bambanci a wurin aiki, da wajen neman gida, da wajen neman magani. Ta ba shi damar sa baki a cikin shirin jinyarsa. Ta ƙayyade yadda za a kwantar da mutum ba da yardarsa ba, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kuɗi domin wannan aiki.

Wannan ci gaba ne babba, mun kuma yaba. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin doka ba ta duba majinyaci, mutum ne ke duba shi.

Masu ciwo da yawa, masu magani kaɗan

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970, wato ɗaya cikin kowane takwas a duniya, suna ɗauke da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da na fargaba su ne kan gaba. A shekarar farko ta annobar korona waɗannan biyun sun ƙaru da kashi 25 cikin 100. A nan gida, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2006 ya nuna cewa a cikin masu ciwo mai tsanani da suka bincika a ƙasar Yarabawa, kimanin kashi 8 cikin 100 ne kawai suka sami wani magani a shekarar da ta gabata.

A shekarar da aka sa wa dokar hannu, likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma wasunsu suna ta ficewa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. A cikin daɗaɗɗun asibitocin ƙwaƙwalwa takwas na Gwamnatin Tarayya, uku ne a Arewa: na Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri. Sai na Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Jos da na Zariya. To, manomin da ke wani ƙauye a ƙasar Zuru, ko Tangale, ko Michika, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi zuwa, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Wurin da yake iya zuwa da ƙafa shi ne gidan Fasto, ko gidan boka. Wannan shi ne ya sa maganar ta zama tamu, ko muna so ko ba mu so.

Abin da idanunmu suka gani

Ba sai an yi wa mutumin Arewa dogon bayani a kan inda ciwon yake fitowa ba. Dattawanmu suna tuna Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992. Mun ga Kaduna a 2000, Jos a 2001 da 2008, Dogo Nahawa a 2010, Madalla ranar Kirsimati ta 2011. A watan Afrilu na 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, a watan Oktoba na shekarar kuma hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. A 2021 aka sace ɗalibai fiye da 100 na makarantar Baftis ta Bethel a Kaduna. Daren jajiberin Kirsimati na 2023 aka kashe kusan mutum 200 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun binne nasu: a farkon wannan wata na Disamba 2023 bam ya faɗa wa masu taron Mauludi a Tudun Biri, ga kuma abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 ba ta tambayi addinin kowa ba.

Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, mukan ƙirga gawawwaki, mu tara baiko, mu kai masara da barguna, mu sāke rufin majami'a. Abin da ba mu ƙirgawa shi ne waɗanda suka tsira da rai amma barci ya ƙaurace musu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi yaƙi ko rikici, mutum ɗaya cikin biyar yana fama da damuwa, ko fargaba, ko firgicin abin da ya gani, ko wani ciwon da ya fi waɗannan. A ikkilisiya mai mutum 200 da ta taɓa gudun hijira, lissafin ya nuna mutum 40 ke nan.

Cututtukan da ke zaune tare da mu

Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne, da an ce taɓin hankali, sai mu tuna da mai yawo tsirara a bakin kasuwa. Irin wannan shi ne mafi ƙaranci. Mafi yawan masu ciwon suna zuwa aiki, suna noma, suna raira waƙa a ƙungiyar mawaƙa.

Na farko shi ne ciwon damuwa. Baƙin ciki na kwana biyu kowa yana yi. Amma idan mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciyarsa a jagule, abin da yake jin daɗinsa a dā ya fita masa a rai, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ga kasala, ga ganin kansa ba shi da amfani, to abin ya zama ciwo. Mutanenmu ba su cika cewa suna baƙin ciki ba. Sukan ce kai yana zafi, ƙirji ya yi nauyi, ko wani abu yana tafiya a jiki kamar kiyashi. Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod a kemis har aljihu ya ƙare, ciwo yana nan.

Na biyu shi ne fargaba. Akwai mai tunanin da ba ya iya tsayar da shi dare da rana. Akwai kuma wanda abin yake taso masa farat ɗaya: zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, ya tabbata mutuwa ce ta zo, bayan 'yan mintoci ya lafa. A kai shi asibiti a auna, a ce ba a ga kome ba, dangi kuwa su yanke hukunci cewa jifa ne.

Na uku shi ne firgicin da ke biyo bayan masifa. Abin da ya faru yana dawo wa mutum a mafarki, ko da rana tsaka kamar yanzu ake yi. Ƙarar babur ko fashewar taya ta sa ya zabura. Ya daina bin hanyar gonar da aka tare su. Ya zama mai saurin fushi da matarsa da 'ya'yansa. Yawancin mutane sukan farfaɗo da kansu cikin makonni idan suna da masu tallafa musu, amma wanda abin ya wuce wata guda yana hana shi harkokinsa yana bukatar taimako. Yara ma suna kamuwa: sukan koma fitsarin kwance, su daina magana, ko karatu ya gagare su.

Na huɗu ya shafi masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana samun irin wannan matsala bayan haihuwa, yawanci damuwa. Ana murnar suna a tsakar gida, ita tana kuka a ɗaki, tana kuma jin kunyar faɗa, kada a ce ba ta gode wa Allah ba.

Na biyar shi ne shaye-shaye. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya sami mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayu na shekarar gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Mu a unguwanninmu sai mu ƙara da burkutu da ogogoro. Ba mu ce buguwa ba zunubi ba ce. Abin da muke cewa shi ne, sau da yawa akwai wani ciwo a ƙarƙashinta wanda saurayin yake ƙoƙarin kashe zafinsa, kuma jikin da ya saba da ƙwaya yana bukatar jinya kafin ya rabu da ita.

Akwai kuma makokin da ya ƙi ƙarewa, musamman ga wanda bai ga gawar nasa ba, da rikicin aure wanda ke cin miji da mata da yara a hankali.

Mene ne magani ta hanyar zance?

Wani zai ce, zance kuma ya zama magani? Ai mu ma muna ba da shawara. Akwai bambanci. Shawarar da muka saba ita ce babba ya yi magana, ƙarami ya sunkuyar da kai, a rufe da cewa a yi haƙuri. A wannan magani kuwa majinyaci ne ke yin mafi yawan magana, wanda aka horar yana saurare, ba ya yanke masa hukunci, ba ya kuma kai maganar waje. Akan zauna sau ɗaya a mako, kamar awa guda, sau 6 zuwa 12 ko fiye, kuma akwai abin da ake nufin cim ma.

Hanyar da aka fi gwadawa ta ginu ne a kan cewa tunani da ji da aiki suna jan juna. Ɗauki gwauruwar da aka kashe mijinta a gona. Tunanin da ke cinta shi ne, da ta hana shi fita ran nan da yana raye. Wannan ya sa ta ji ita ce mai laifi, ta daina zuwa zumuntar mata, ta daina sana'arta, kaɗaici kuma ya ƙara wa tunanin ƙarfi. Mai maganin ba zai ce mata ta daina tunani ba, domin ba ya yiwuwa. Zai taimake ta ta auna tunanin: shin ta san abin da zai faru? Wa ya riƙe bindigar? In da ƙawarta ce a wannan hali, za ta ɗora mata laifi? Sa'an nan su shirya ƙananan ayyuka tare, yau ta gaida maƙwabciya, jibi ta soya ƙosai ko na mutum biyar ne. Mai fargaba akan koya masa jan numfashi a hankali, da tunkarar abin da yake gudu mataki mataki. Mai firgici akan taimake shi ya ba da labarin abin da ya same shi a wuri mai aminci, da saurin da zai iya, har abin ya koma tarihi a zuciyarsa. Wanda matsaloli suka yi wa yawa akan koya masa ya jera su, ya zaɓi guda wadda yake da iko a kanta, ya fara da ita.

An gwada wannan a Afirka, ya kuma yi aiki. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata tun 2006, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa sau shida. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne suka rage da alamun damuwa, alhali a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kashi 50 ne. A ƙauyukan Yuganda an sami irin wannan nasara a 2003 da zama na ƙungiya. Tun 1954 ma ɗan ƙasarmu, Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna a Aro kusa da Abeokuta cewa majinyaci ya fi saurin warkewa idan yana zaune a gidajen ƙauye tare da wani danginsa, yana zuwa asibiti da rana.

Sai dai a yi hattara. Zance kaɗai bai isa ga kowane ciwo ba. Wanda yake jin muryoyi, ko yake zargin kowa yana neman ransa, ko ya yi kwanaki ba barci yana surutu da ɓarnar kuɗi, ko mai jegon da hankalinta ya gushe, waɗannan likita da ƙwayar magani suke bukata, da gaggawa kuma. Damuwa mai tsanani ma takan bukaci a haɗa biyun, kuma ƙwayar takan ɗauki makonni kafin a ga amfaninta, ba a kuma yanke ta sai da izinin likita. Zazzaɓi mai zafi da wasu cututtukan jiki suna iya rikita hankali, don haka a fara da awo. Farfaɗiya kuwa, wadda muke gudu kamar annoba, ba a ɗaukarta daga wani, kuma kusan bakwai cikin goma na masu ita suna iya daina faɗuwa idan suna shan magani.

Shin rashin bangaskiya ne?

Mun san abin da ke zuciyar wasu masu karatu, domin mun sha jinsa daga bagade: wai mai bi na gaskiya ba ya damuwa. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A cikin 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi har sau biyu, ya saurari kukansa, sa'an nan ya ba shi aiki da abokin tafiya, wato Elisha. Abokan Ayuba sun kyauta a kwana bakwai da suka zauna da shi shiru. Sun ɓata ne lokacin da suka fara neman zunubin da ya jawo masa wahala, kuma a ƙarshen littafin su ne Allah ya yi fushi da su. Da almajirai suka nemi sanin mai laifi game da wanda aka haifa makaho, Yesu ya kawar da tambayar. Shi kansa Ubangijinmu ya yi baƙin ciki mai tsanani a Getsamani, ya kuma nemi abokansa uku su zauna kusa da shi.

Game da magani kuwa, Luka likita ne. Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, duk da haka Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Babu Faston da zai hana mai hawan jini ko ciwon sukari shan magani. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce da Allah ya halitta, tana kuma iya ciwo. Ba mu musun cewa akwai ikokin duhu. Amma wanda ya kira kowane ciwo aljani zai bar mutane da yawa cikin wahalar da ke da magani. A yi addu'a, a kuma je asibiti, babu wanda ya hana ɗan'uwansa.

Gyara kayanka

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Wasunmu sun ɗauka abin na wasu ne. Amma rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar a watan Nuwamba na shekarar, bayan ta ziyarci wurare 28 a ƙasar nan, ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali a asibitoci, da gidajen masu maganin gargajiya, da gidajen mari, har da majami'u. Ɗaure mara lafiya, ko dukansa, ko tilasta masa azumi da sunan fitar da aljani, zalunci ne. A cikin Markus sura 5, mutanen gari ne suka yi ta ɗaure mutumin nan na makabarta da sarƙa, ba ta kuwa yi amfani ba. Yesu ya mai da shi gida wurin danginsa, da tufafi a jikinsa.

Akwai kuma laifin baki. Sau nawa asirin da aka faɗa wa shugaba ya fito a matsayin roƙon addu'a ko misali a wa'azi? Sau nawa aka fasa aure don an ji wani a dangin ya taɓa kwanciya a Barnawa? Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan karin magana ya kamata ya hau kan mai sauraro, ya riƙe amana. Mu kuwa mun ɗora shi a kan mai ciwo, mun hana shi faɗa.

Mafi nauyi shi ne batun kisan kai na wanda ya gaji da rayuwa. Fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta haka a duniya kowace shekara. Sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙuri bai mutu ba, dokar 2023 kuma ba ta shafe shi ba. Ƙasar Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023, a 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamiti domin a bi sahu. Muna goyon baya, gama tsoron 'yan sanda yana sa iyali su ɓoye wanda ya kamata a garzaya da shi asibiti. Idan wani ya ce ya gaji da duniya, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kulle magungunan feshi da na ƙwari da ke gidan, a kai shi wurin likita a ranar. Iyalin da irin wannan rashi ya same su kuwa, ta'aziyya suke bukata daga gare mu, shari'ar mamacin tana hannun Allah.

Abin da za mu iya yi

Ba yau ikkilisiya ta fara shiga inda jama'a ke gudu ba. Lokacin da ake korar kutare daga gari, masu bishara ne suka zauna da su a Yadakunya, da Babbar Ruga, da Amanawa, da Molai, da Garkida. Asibitin Vom tun 1922 yake, na Galmi a Jamhuriyar Nijar tun 1950, ga Wusasa, ga Jankwano. A fannin ƙwaƙwalwa ma akwai misali: tun 1989 ikkilisiyar Methodist take kula da masu taɓin hankali marasa galihu a Amaudo ta Jihar Abiya, ta kuma haɗa kai da gwamnatin Jihar Binuwai aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Ekklesiyar 'Yan'uwa ta gudanar da tarurrukan warkar da raunin zuciya ga 'yan gudun hijira bayan 2014. Hanya a buɗe take.

Muna ba da shawara, da farko, makarantun Baibul da kwalejojin tauhidi su sa wannan darasi a cikin karatun kowane mai shirin zama Fasto, ya san alamun ciwo, ya san inda iyakarsa take, ya kuma san asibitin da zai tura mutum. Na biyu, kowace gunduma ta zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon amana, mata da maza, a nemi ƙwararru su horar da su su kuma riƙa duba aikinsu. Muna da nas-nas da malaman asibiti da suka yi ritaya suna zaune a majami'unmu, muna kuma da kakanni a zumuntar mata da ba su gaza na Harare ba. Na uku, a ware wani abu daga baikon taimako domin kuɗin mota da na magani, gama yawancin waɗanda ciwo ke komo musu kuɗi ne ya yanke. Na huɗu, a yi wa'azi a kan wannan batu, ko da sau ɗaya ne a shekara, a makon 10 ga Oktoba da duniya ta keɓe domin lafiyar ƙwaƙwalwa tun 1992. Na biyar, dattawa su duba lafiyar Fastonsu da matarsa. Wanda ya binne mutum 20 a rana ɗaya shi ma mutum ne.

Ga gwamnati kuma, muna tuna mata alkawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka amince su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Muna kira ga majalisun jihohinmu na Arewa su yi dokokin da za su sa ta tarayya ta yi aiki a ƙasa, a sa magunguna a ƙananan asibitoci, a kuma tura masu ba da shawara sansanonin 'yan gudun hijira da makarantun da aka taɓa kai wa hari. Shugabannin CAN da na TEKAN da sauran ikkilisiyoyi su ɗauki wannan magana zuwa gidajen gwamnati, su kuma nemi haɗin kan malaman Musulunci, tun da asibiti ɗaya muke kwanciya.

Daga ƙarshe, ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke karanta wannan shafi yana ganin kamar da shi ake: ba kai kaɗai ba ne, ba kuwa Allah ne ya yashe ka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka nemi mutum ɗaya da ka amince da shi ka faɗa masa a cikin makon nan, ku tafi asibiti tare. Sauranmu kuwa, ranar Lahadi mai zuwa mu duba benci mu ga wanda ya daina zuwa, mu bi shi gida, mu zauna, mu rage magana.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar tausayi. Amin.